Mai Tsayawa a Baya

Surajo dai ba mai karatun littafi ba ne, kada ma wani ya ɗora masa abin da bai yi ba. Direba ne, ɗan Malumfashi, sitiyari ne ya kai shi Doha. Amma shekara biyu cur wani labarin Japanawa ya riƙe masa wuya, har ya sa shi yin abin da babu direba mai hankali da zai yi a ranar da duniya ta cika garin don kallon ƙwallo.

Abin ya faro ne a shekarar korona. Kamfanin da ya kawo shi ya haɗa shi da wani dattijon injiniya mutumin Japan, Nagamine, siriri mai furfura. Kullum da safe Surajo zai ɗauko shi daga wani dogon bene a West Bay, ya kai shi wurin aiki a Mesaimeer, da la'asar ya dawo da shi. Lokacin doka ta ce mutum biyu kacal a mota, kowa da takunkumi, tituna wayam. Wata uku tsohon nan bai taɓa ce masa komai ba sai "ina kwana" da "na gode", sai ɗan rusunawar nan tasu.

A tsakiyar zafin shekarar aka yi wa Nagamine rasuwa. Matarsa ce, can gida. Tun tana jinya kamfani ya roƙe shi ya daure ya ƙarasa aikin da ke hannunsa, ya daure ɗin, kafin ya ankara jirage sun tsaya. Ko jana'izarta bai samu ba. Surajo ya yi masa gaisuwa da guntun Turancinsa, kuma daga ranar ya daina ce masa Oga, ya koma Baba. Bayan sati guda, suna tsaye a danja, tsohon ya yi gyaran murya daga kujerar baya, ya kira sunansa haɗe da san, kalmar girmamawa tasu.

"Surajo-san, kana son labari?"

Wa zai ƙi? Ashe shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana rubuta littafi a ɓoye, babu wanda ya taɓa karantawa. Labarin wani jarumi ne na zamanin takubba, sunansa dogo ne, Surajo ya guntule shi ya koma Tomo. Maraya ne, wani sarki ya tsince shi, ya raine shi, ya ba shi takobi. Da aka fita yaƙi sai abokan gaba suka kama shi da rauni. Sarkinsu maimakon ya kashe shi, sai ya yi jinyarsa har ya warke, ya sallame shi. Tomo ya rantse masa cewa har abada ba zai ɗaga masa makami ba. Yana komawa gida, ubangidansa na farko ya kira shi ya ce, tunda ka san ƙofofin gidan mutumin nan, je ka kawo mini kansa.

Kwana tara ana ba da wannan labari a kan hanyar Mesaimeer, Surajo har rage gudu yake yi don kada a isa da wuri. A rana ta tara ya kasa haƙuri.

"To Baba, ya zai yi? In ya je ya karya rantsuwa, in ya ƙi ya ci amanar wanda ya raine shi."

"A labaranmu akwai hanya ta uku," in ji Nagamine. Ya faɗa masa a natse, kamar mai kwatancen gida. Mutum zai rarraba kayansa ga na kusa. Ya sa fararen kaya daga wuya har ƙafa. Ya rubuta 'yar waƙa, layi uku ko biyar. Ya zauna a kan gwiwoyinsa, ya ajiye gajeriyar wuƙa a gabansa, ya ɗauki ransa da hannunsa. Kuma dole a samu aminin da ya fi yarda da shi ya tsaya a bayansa da takobi, don kada ya daɗe yana shan wuya. "Gobe zan ba ka ƙarshen," ya ce.

Surajo ya taka birki har jakar tsohon ta faɗo. "Inna lillahi. Baba, in wannan ne ƙarshen, riƙe abinka, ba na so. Ran nasa ne da zai ɗauka? Shi ya ba kansa? Wannan ai ba jarumta ba ce, gudu ne. Don Allah ka je ka gyara."

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙeyarsa. Washegari tun kafin ya gama rufe ƙofar mota Surajo ya tare shi: "To Baba, sai aka yi yaya?" Suka wuce shataletale biyu. Can sai tsohon ya ce wai Tomo ya ɗauki hanyar haikalin da zai yi abin, sai dokinsa ya gurɗe a tsakiyar daji.

Daga gurɗewar dokin nan labari ya ƙi ƙarewa. Yau ruwa ya cinye gada, gobe 'yan fashi, jibi wata tsohuwa mai sayar da shayi ta riƙe shi ya gyara mata rufin ɗaki. Kullum Tomo yana kan hanyar zuwa ya mutu, kullum bai isa ba, kullum da safe Surajo da tambayarsa ɗaya.

Kuma bakinsa bai iya riƙe abu ba. Su shida ne a ɗaki ɗaya cikin wani tsohon gida a Al Asmakh, duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci an zauna gaban farantin shinkafa, sai ya juye musu labarin satin da Hausa, har da ƙari. Ɗakin ya rabu biyu. Wasu suka ce wanda ya raine ka shi ne ubanka, magana ta ƙare. Gariba kuwa, ɗan Zangon Kumasi, wanda yake gadi a benen da Nagamine ke zaune, ya tsaya kai da fata a kan rantsuwa rantsuwa ce. Ko ranar da Ghana ta hana Najeriya zuwa gasar duniya, da Gariba ya ishi kowa da tsiya, gardamar Tomo ce ta raba faɗan.

Sai ƙwallo ta zo. Gari ya haukace, tutoci, ganguna, Turawa da Sinawa kowa ya sayi farar jallabiya ya ɗora rawani a karkace. Kamfani ya ɗauke Surajo daga wurin tsoho ya ba shi sabuwar mota da manyan baƙi. Shugaban direbobi ya tara su ya yi magana ɗaya: duk wanda ya bar baƙo a tsaye, ko da minti biyar ne, a soke bizarsa, jirgi na gaba ya yi gida, khalas, wato shi ke nan. Surajo yana da mata da yara uku a Malumfashi, ga ginin da bai kai linta ba. Ya ji maganar nan har cikin ƙashinsa.

Ana cikin haka Nagamine ya kira shi ranar Alhamis. "Lahadi da ƙarfe uku zan rufe labarin Tomo. Ka zo."

"Baba, Lahadi ina filin Rayyan da baƙi. Ku ne ma za ku buga."

"To. Zan rufe shi ni kaɗai."

Lahadin, ƙarfe biyu da kwata, Surajo na zaune a mota bayan filin wasa, baƙinsa huɗu suna ciki, ihun mutane na tashi yana sauka. Wayarsa ta yi ƙara. Gariba ne, mai ce masa Massa irin na mutanen Ghana, yana haki.

"Massa, tsohonka. Ka saurare ni da kyau. Tikitinsa na wasan yau, ya ba Zuwera mai shara. Ya haɗa mata da tukunyar dafa shinkafa, ya ce gobe kada ta zo, ba sauran shara."

"To ai kyauta ce."

"Ban gama ba. Ɗazu ya dawo daga kasuwa. Fari, Massa. Daga wuya har ƙafa. Da wani ɗan akwati a hannu, injin binciken ƙarfe na ƙofa ya yi ƙara, na ce ya buɗe. Wuƙa ce, lanƙwasassa, gajeriya. Ya bar maka ambulan a teburina. Ka yafe ni, na buɗe. Agogonsa ne da wata takarda."

Surajo ya ce, "Layi nawa ne a takardar?"

"Uku."

Gariba ya karanta yana fassarawa: zafi uku na gani a garin nan, motar safe ta daina zuwa, tsoho ya naɗe tabarmarsa.

Surajo ya kira layin Nagamine, a kashe. Ya sake kiran Gariba. Gariba ya ce ya riga ya hau ya ƙwanƙwasa, tsohon ya amsa daga ciki cewa kada a dame shi sai bayan uku. Makullin ko-ta-kwana yana hannunsa, amma mai gadi bai isa ya buɗe ɗakin kowa ba sai da izinin manaja, manaja kuma yana filin ƙwallo. "In na kira 'yan sanda in ce musu me? Tsoho ya sayi riga? Ni ba zan buɗe ni kaɗai ba. Kai yake ji. Ka zo."

Ka zo. Sauƙin faɗa ke nan. Surajo ya fito daga mota, ya koma, ya sake fitowa. Saura kamar rabin awa a tashi wasa. Ga kamfanin da ya ɗauko shi daga tashar mota a Katsina, ya ba shi biza da ɗaki da abin da yaransa ke ci. Ga kuma tsohon da ya yi shekara biyu yana zaune a bayansa, wanda ba shi da kowa a garin nan, wanda ya ce masa ka zo shi kuma ya ce yana da baƙi. Tsoro ya kama shi, tsoron gaske, na talauci da kunyar komawa gida hannu biyu. Sai kuma haushi ya zo ya danne tsoron. Shekara biyu yana zagin Tomo a kan ya kasa yanke shawara, ga shi shi ma yana zagaya mota kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai.

"Bismillahi," ya ce, ya tayar da mota.

Wanda ya ga gudun da Surajo ya yi a babban titin nan sai ya rantse ba shi ne mutumin da shugaban direbobi ke ba da misali da shi ba. Kyamarori suna walƙiya, ko a jikinsa. Rediyo na ta sambatu da Larabci, can mai sharhi ya kwarma ihu mai tsawo, Surajo ya kasa kunne: an ci Japan. "Shi ke nan," ya ce da sitiyari, "an ƙara wa tsoho." Ya ƙara wuta.

Da ya doso West Bay ya tarar an rufe hanyar bakin teku saboda 'yan kallo. Ya bi ta baya, nan ma shinge. Wani ɗan sanda ya yi masa alama da hannu, yalla, yalla, juya. Surajo ya cusa sabuwar motar kamfani a inda ko keke ba a ajiyewa, ya kulle, ya zuba a guje. Ya ratsa wasu masu manyan malafuna suna kaɗa ganga, ya tsallake wata tuta da aka shimfiɗa a ƙasa, wani ya yafa masa gyale a wuya bai ma san da shi ba. Takalminsa na aiki ɗaya ya fita, ya waiwaya ya kalle shi, ya bar shi nan.

Gariba na tsaye a bakin lif da makulli a hannu, zufa ta jiƙa masa kaki. Hawa talatin da ɗaya. A hawa na ashirin Gariba ya dubi Surajo.

"Massa, in muka yi kuskure, ni da kai jirgi ɗaya."

"In ba mu yi kuskure ba fa?"

Saura minti uku ƙarfe uku Gariba ya murɗa makulli. Falon babu komai sai kwalaye. A tsakiya ga Nagamine zaune a kan gwiwoyinsa, fari fat, takardu a gefe, wuƙa a zare a hannunsa yana ɗaga ta sama.

Surajo bai yi sallama ba. Tsalle ɗaya ya yi ya faɗa kansa, suka zube tare, takardu suka tashi sama. "Baba, ka ji tsoron Allah!" Gariba ya fizge wuƙar, ya rasa inda zai kai ta, ya ruga kicin ya jefa ta cikin firji ya jingina da ƙofar.

Sai suka ji dariya, wata siririyar dariya ta yarinya. A jikin wani kwali an jingina kwamfutar hannu, a cikinta ga wata 'yar yarinya mai wushirya tana tafi tana kiran kakanta, uwarta a bayanta ta rufe baki da hannu.

Nagamine yana kwance rigingine, tabarau a karkace. Ya dubi Surajo, ya dubi ƙafarsa mai safa, ya dubi Gariba da ke gadin firji. A hankali maganar ta fito. Kwantiraginsa ya ƙare, jirginsa gobe da safe, shi ya sa ya rufe layin waya ya rabar da kaya. Jikarsa ce ta ga 'yan kallo a talabijin da fararen riguna ta ce lallai sai kakanta ya sa ta gani. Wuƙar kuwa tsaraba ce ta surukinsa, irin ta ado, ko tumatir ba za ta yanka ba.

Kunya ta rufe Surajo, ya ji da ma benen ya tsage ya shige. Gariba ya fito daga kicin yana harararsa. "Kai ka kawo mana wannan labari ɗaki. Shekara biyu kana cika mana kai da farin kaya da layi uku."

Tsohon ya yi dariya har da hawaye. Sai dariyar ta tsaya. Ya yi wa 'yarsa magana da yarensu, ya rufe kwamfutar. Ya bi takardun da suka watse yana dubawa, ya zaro wata da ta fi sauran tsufa, ya miƙa wa Surajo. Rubutun Japananci ne, amma kwanan watan da ke sama kowa zai iya karantawa. Satin da matarsa ta rasu ne.

"Wannan ne ƙarshen na farko," ya ce. "Tun a satin nan na gama littafin. Kamfani ya ce in tsaya, ita ta ce in zo, na tsaya. Na ga ba ni da fuskar da zan kai wa 'yata. Sai na ce bari in ba mutum ɗaya labarin nan don kada ya tafi a banza, ranar da na faɗi ƙarshensa ni ma in bi Tomo." Ya gyara tabarau. "Ba ku yi kuskure ba, Surajo-san. Kun dai makara da shekara biyu. Ko kuma in ce ka riga ka zo tun a lokacin. Ka taka birki ka ce in je in gyara. Na kwana ina jin haushinka. Da safe ka ce sai aka yi yaya, ni kuma ba ni da komai, sai na gurɗe wa doki ƙafa. Na ce gobe. Goben ka sake tambaya."

Surajo ya zauna daɓas a kan kwali. Ya tuna gadar da ruwa ya cinye, da 'yan fashi, da tsohuwa mai shayi, duk safiyoyin nan da yake tsammanin nishaɗi ake yi. Idanunsa suka kawo ruwa, bai ɓoye ba. Gariba ya juya yana kallon taga.

"To yanzu," in ji Surajo, "sai aka yi yaya?"

"Tomo ya koma wurin ubangidansa, ya ajiye takobi a gabansa, ya ce ba zan kashe shi ba, ba zan kashe kaina ba, ka yi yadda ka ga dama da ni. Aka kore shi da kunya, yara suna jifansa. Ya je bakin wani kogi ya zama mai tuƙa kwale-kwale. Da safe ya ƙetarar da mutane, da la'asar ya dawo da su. Yana damunsu da tambaya."

"To ai wannan ne labari," in ji Surajo, yana share fuska da gyalen da bai san na wace ƙasa ba ne.

Nan ne aljihunsa ya fara rawa. Ya zaro wayar. Shugaban direbobi, kira na goma sha biyu. An tashi wasa tuntuni, manyan baƙi huɗu suna tsaye a rana a Rayyan, motar kamfani kuma Allah kaɗai ya san ko tana inda ya bar ta. Malumfashi ta faɗo masa a rai, da ginin da bai kai linta ba. Ya dubi wayar kamar ba shi ya saye ta ba.

Nagamine ya tambaya, Gariba ya yi masa bayani a gajarce. Tsohon ya miƙe, ya kakkaɓe farar rigarsa, ya maɓalle wuyanta.

"Shekara talatin da ɗaya na yi wa kamfanin nan, ban taɓa roƙonsu komai ba. Yau zan roƙa, na Gariba-san ma. Ban san ko za su ji ba." Ya zagaya ya tsaya a bayan Surajo. "A labaranmu ba a barin mutum ya fuskanci irin wannan shi kaɗai. Dole a samu mai tsayawa a baya."

"Baba, shi wancan ai takobi yake riƙewa."

"Nawa yana cikin firji. Ɗaga wayar."

Ya ɗora masa hannu a kafaɗa, hannu mara nauyi, mai ɗumi. Surajo ya ja numfashi, ya danna, ya kai wayar kunne.